Abin da 'Yar Inna Ta Gani

Ban taɓa kiran sunan 'yata ta fari ba. Mufida aka raɗa mata, na kuma faɗa yanzu ne kawai don ku san wadda nake nufi. A gidanmu na Lambara kowa 'Yar Inna yake ce mata, ni kuwa ko wannan ɗin ba na faɗa sai dole, "yarinyar nan" ta ishe ni. Haka na tashi na gani a garinmu Boɗinga, haka na tarar a gidan miji: mace ba ta kiran ɗan fari, ba ta ɗaukarsa a gaban mutane, ba ta tsayawa ta zuba masa ido. Ranar da aka yaye ta, uwar mijina Inna Hajjo ta goya ta, ta wuce da ita ɗakinta, aka yi ta yaba mini kunya. Ni kuma na sha yabon nan har na ƙoshi.

Labarin da zan ba ku na ranar da ƙanenta Khalid ya kusa mutuwa ne, ita kaɗai kuma ta san abin da ya same shi.

Shekararta biyar a lokacin, ba ta tafiya, ba ta magana. Ta daɗe a hanya wajen haihuwa, ta fito ba ta yi kuka ba sai da aka sha fama. In ta so kamo abu, hannuwanta sai su miƙe su yi wani wajen. Mutane kan zauna kusa da tabarmarta su yi ta maganarta kamar tana barci, wasu ma har da cewa gara Allah ya hutar da ita. Inna ta taɓa korar wata mata da muciya a kan wannan magana.

Tana da shekara uku mijina Maniru ya ji labarin wata Malama Nana Fatima da ke zuwa daga Sakkwato sau ɗaya a wata, tana ganin irin waɗannan yara a wani ɗakin shan magani a Boɗinga. Muka je ni da shi da Inna, da yarinyar. Mun zaci allura za a yi mata. Malamar ta zauna a ƙasa, ta ɗaga ludayi a hannun dama, moɗa a hagu, ta faɗi sunan kowanne, ta yi shiru. Shirun ya yi tsawo har na fara jin nauyi. Can sai idon yarinyar ya tafi kan moɗa ya tsaya. Aka ba ta ruwa, ta sha kamar wadda ta kwana uku ba ta gan shi ba.

"Ku nuna mata, ku hwaɗi sunan abin, ku jira," in ji Malamar. "Jiran nan shi na aikin. In kunka yi gaggawa kun amshe mata magana."

Sannan ta waiga ta ce, "Ina uwar?"

"Ni ta uwar," in ji Inna. Aka yi dariya. Ni ina can bakin ƙofa na ja mayafi na rufe rabin fuska.

A cikin wata shida yarinyar ta koyi abu biyu. In amsarta i ce, sai ta ɗaga ido sama. In a'a ce, sai ta runtse su gam. Inna kuma ta ɗauki wani tsohon faifai ta huda tsakiyarsa, ta ɗinke ƙananan abubuwa a kewayensa: ɗan ludayi na kunu, murfin gora na ruwa, ƙyallen tsumma in ta jiƙe tana son a sauya mata, takalmin jariri in tana son a fitar da ita waje. Sai ta kara faifan a fuskarta ta leƙa ta hudar, ta ga inda idon jikarta ya sauka. Da Malamar ta gani, har hoto ta ɗauka.

Duk wannan Inna ce ke yi. Ni ban taɓa riƙe faifan ba. Amma ba zan yi muku ƙarya ba, ina kallo. Kallon sata nake yi, daga bayan turmi, daga gindin murhu, ta gefen ido in na zo wucewa da tulu. Shekara biyu ina wannan sata, har na san gefen fuskarta fiye da gabanta. Na san yadda idonta kan yi in fuskar mutum take kallo, da yadda yakan ɗan sauka in abin hannunsa take nufi. Ban ɗauka wannan ilimi ne ba. Na ɗauka laifi ne nake yi a ɓoye.

Ranar da abin ya faru lokacin cirar albasa ne, zafi ya fara. Maniru ya bi mota da buhuna zuwa kasuwar Boɗinga tun da sassafe. Da hantsi muna ƙarƙashin rumfa muna yanke ganyen albasa, ni da Kande matar yayan mijina, da wasu mata biyu da suka zo daga Horo Birni gayyatar suna. Inna ta shiga wanka. Khalid, shekararsa ɗaya da rabi, ƙafarsa ba ta zama wuri ɗaya, na gan shi ya yi dabo-dabo ya shige ɗakin Inna inda yayarsa ke kwance. Ban damu ba, kullum can yake yini.

Sai yarinyar ta fara kira. Tana da wata murya da takan ja daga maƙogwaro in tana son Inna, na san ta sarai. Wannan ba ita ba ce. Gajera ce, tana yankewa tana dawowa, kamar mai buga ƙofa. Na ajiye wuƙa, har na yunƙura.

"Ladi, tashi mana, ɗiyakki na kira," in ji Kande, tana ƙyafta wa baƙin ido. "Ko yau za a hita kunya?"

Baƙin suka kwashe da dariya. Na koma na zauna, na ɗauki wuƙata.

"Ni ba ni da ɗiya nan gidan," na ce.

Haka ake cewa. Uwata ma haka ta riƙa cewa a kan yayana. Aka ƙara dariya, ɗaya daga cikin baƙin ta ce 'yan Boɗinga akwai tarbiyya. Ƙofar ɗakin a buɗe take, tsakaninmu da tabarmar bai fi taku goma ba. Kiran ya ci gaba. Jim kaɗan Khalid ya fito yana dariya, yana tanɗar baki, Inna ta dawo daga wanka ta shiga, na ji tana rarrashi. Kiran bai tsaya ba har baƙin suka tafi.

Khalid ya yi barci kafin azahar. Na shimfiɗa shi a ɗakina na ci gaba da aiki, har ina jin daɗin na samu sarari. Na yi salla, na sauke tukunya, bai tashi ba. Da na je tayar da shi na sa hannu a wuyansa, sai na ji shi sharkaf da gumi, gumin kuma sanyi ƙalau. A wannan zafin. Na ɗaga shi, kansa ya langaɓe baya. Na kira sunansa, na jijjiga shi, na sa masa nono a baki, bai kama ba. Ya buɗe ido kaɗan, farin kawai na gani.

Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba. Na kai bakin ƙofa da yaron a ƙirji, na kwarma ihu.

Kande ce ta fara zuwa, sai Inna, sai maƙwabta. Nan da nan ɗakin ya cika da baki. Wata ta ce iska ce, a yi hayaƙi. Wata ta ce zazzaɓi ne ya hau kai. Kande ta ruga ta dawo da kwalbar manja ta ce a ɗura masa. Na kira Maniru a waya, ban ma san abin da na faɗa masa ba. Ya katse, bayan ɗan lokaci ya sake kira. Ya yi magana da wani abokinsa ma'aikacin lafiya a Shagari.

"Ya ce kada a ba shi komi ta baki," in ji Maniru. "Ya ce yaron da yak kwanta lahiya lau yat tashi haka, wataƙila wani abu yac ci. Ku biɗi abin, ku taho da shi. In ba su san mi yac ci ba, lalube za su yi. Na kira Yaya Ummaru, shina hwadama, shina tahe da mashin. Ni ma ga ni nan hanya."

Fadamar da nisa. Na san kafin Ummaru ya iso sai an ɗan jima, ban kuma san ko yaron zai jira shi ba. Numfashinsa sama-sama yake, ina sa kumatuna a hancinsa kafin in ji shi.

"Mi yac ci?" kowa ke tambayar kowa. Na ce ni kunu kawai na ba shi da safe. Sai Inna ta dafa ƙirji.

"Ɗakina yay yi hantsi," ta ce. "'Yar Inna na nan. Ta gani."

Muka ɗunguma ɗakin Inna gaba ɗaya. Yarinyar tana kan tabarmarta an jingina ta da matashi, fuskarta ta kumbura da kuka, muryarta ta dishe. Da ta ga Khalid a hannuna jikinta ya sandare, bayanta ya lanƙwashe. Inna ta durƙusa ta ɗauko faifai ta kara a fuska, sai kuma ta sauke shi a hankali. Ludayi, murfin gora, tsumma, takalmi. Ba abin da za a tambaya da su.

"'Yar Inna, kin ga Khalid ya ci wani abu?"

Ido ya tafi sama. Mata suka yi salati.

"Ku kawo min kaya," in ji Inna. "Dut abin da kunka san yaro na iya ci."

Aka watse, aka fara kawowa. Maganin ɓera da ke bayan rumbu. Inna ta ɗaga, ta faɗi sunansa. Yarinyar ta runtse ido. Jan garin da ake cuɗa iri da shi. Ta runtse. Kwalbar kananzir, garin sabulu, 'ya'yan cini-da-zugu da aka tsinko a jikin shinge, kwalbar maganin feshin albasa. Ta runtse, ta runtse. Jiran da Malama ta koyar kuwa ya bi iska. Kafin ta buɗe ido an cusa mata wani abin a fuska, mata uku suna tambaya a lokaci guda, wata ma ta kama haɓarta tana juyo da ita. Kanta ya fara rawa, miyau na zuba, ga alama ƙarfinta ya kusa ƙarewa.

"Wagga ba ta san komi ba," in ji wata maƙwabciya. "Kuna ɓata lokaci da ƙyafta ido. A ɗura mishi manjan."

Duk lokacin da yarinyar ta buɗe ido, wajen Inna take kaiwa. Inna ta ce, "Ga ni, ga ni, ɗauka kika so? Bari tukuna," ta shafa kanta, ta sake ɗaga wani abin.

Ina tsaye a gefe, inda na saba tsayawa, Khalid na ƙara nauyi a hannuna. Daga nan na gani. Ba fuskar Inna take kallo ba. Ba hannunta ba ne kuma. Idon yana sauka ƙasa da haka, yana tsayawa a ƙugunta na hagu, inda take ƙulle goronta a bakin zane. Inna da ke gabanta ba za ta iya ganin wannan bambanci ba. Na jira ta sake, ta kuwa sake. Sau uku.

Ku da ba ku zauna gidan miji a ƙauye ba, ba za ku san abin da ke gabana ba. In yi wa 'yar fari magana a gaban uwar miji da matan unguwa. In kuma nuna zanen uwar mijin da yatsa in ce a kwance. Da a ce ran wani ne ba na ɗana ba, wallahi ban san ko da na iya ba. Har a lokacin ma sai da na tsaya, ina jin kunya da tsoro suna kokawa a cikina, kuma ba zan yafe wa kaina wannan tsayawar ba. Sai hannun Khalid ya fara karkarwa a jikin wuyana.

"Ku yi shiru," na ce.

Ba wanda ya ji. Na sake faɗa da ƙarfi, da wata murya da ban san ina da ita ba. Suka yi tsit. Na miƙa wa Kande yaron na ce in ta sa masa manjan nan ni da ita ne har abada. Na durƙusa a gefen Inna, na sa fuskata daidai fuskar yarinyar.

Ban taɓa ganin idanunta daga gaba a kusa haka ba. Manya ne, irin na babana. Ta tsorata da ni, jikinta ya sake sandarewa, na ga tana neman Inna. Na sa hannu a ƙirjinta na bar shi nan, zuciyarta na bugawa kamar ta ɗan tsako. Ban ce komai ba sai da ta lafa.

"Abin da yac ci, cikin ɗakin ga shike?"

Na jira. Ina jin numfashin mata a bayana, ina jin kamar in kama ta in girgiza amsar ta faɗo. Na danne. Ido ya tafi sama.

"Shina jikin Inna?"

Sama.

"Ladi," in ji Inna a hankali.

Ban waiga ba. Na miƙa hannu na taɓa ƙullin zanenta. Ni, na taɓa zanen uwar mijina. "Nan ciki?"

Yarinyar ta ɗaga ido sama har baƙin ya kusa ɓacewa, ta saki wani sauti mai tsawo, jikinta duka ya saki.

"Goro na," in ji Kande. "Kowa ya san goro na Inna ka ƙullewa nan. Goro ka kashe yaro?"

Inna ta dubi ƙullin. Fuskarta ta yi fari-fari. Ta sa hannu tana kwance ƙullin, yatsunta suka kasa, sai ni na kwance. Goro biyu da ɓari suka faɗo. Sai wani ɗan katin magani da aka nannaɗe ƙanƙane, irin mai ƙwayoyi farare a jere. Gefensa duk sawun ƙananan haƙora.

"Na suga na," in ji Inna, muryarta can ƙasa. "Nawa na. Na bar zanen bisa gado da zan wanka. Na ishe ƙullin kwance, na tattara na ɗaure, ban duba ba." Ta karɓi katin ta kai kusa da ido. "Shida sunka rage da sahe bayan na sha."

Huɗu ne a jiki.

Ba wanda ya san Inna tana da ciwon suga, har ɗanta. Ban tsaya tambaya ba. Na fizge katin na cusa a rigata, na karɓi ɗana, a daidai lokacin muka ji ƙarar mashin a ƙofar gida.

Ban taɓa hawa bayan Ummaru ba, yayan miji ne, ko gaisuwa daga nesa nake yi masa. Ranar na hau na manne Khalid a tsakaninmu. Muka hau kwalta muka nufi Shagari. Iska na dukan fuskata, ba na iya jin numfashinsa, sai na sa yatsa biyu a wuyansa ina laluben jijiya. Wani lokaci in ji ta, wani lokaci in rasa. Mun yi kamar rabin hanya jikinsa ya ɗauki jijjiga, ƙafafunsa na dukan cinyata, haƙoransa suka datse. Na ce Ummaru ya tsaya. Ya ce ba zai tsaya ba, in riƙe shi da kyau. Jijjigar ta wuce, ya koma ya langaɓe fiye da da. Na tabbata a raina gawa nake ɗauke da ita, na kuma ci gaba da yi mata magana.

Abokin Maniru yana tsaye a bakin ƙofar asibitin yana jiranmu. Kafin in sauka na zaro katin na miƙa masa. Ya duba gaba ya duba baya.

"Nawa yac ci?"

"Biyu."

"Yaushe?"

"Da hantsi."

Bai ƙara tambaya ba. Ya karɓi yaron ya shiga da gudu, ya soki yatsar Khalid, ya ɗiga jinin a wata 'yar na'ura. Na ga yadda ya kalli abokiyar aikinsa, ban so kallon ba. Suka shiga neman jijiya. Hannun Khalid ɗan mitsitsi, sanyi ya ɓoye jijiyoyin, suka soka suka rasa, suka koma ɗaya hannun suka rasa. Yaron ko motsi bai yi ba, wannan ya fi komai tsorata ni, yaron da ko aski sai mutum biyu sun riƙe shi. A karo na uku suka samu a ƙafa. Matar ta ɗauko babban sirinji ta fara tura ruwa a hankali.

"Maganin ga rage suga shika yi," in ji ma'aikacin, idonsa na kan yaron. "Ga tsohuwa daidai na. Ga yaro kamar wanga, ƙwaya guda na iya shanye mishi suga dut. Shi muka maida mishi yanzu."

Na tsaya a jikin bango ina karanta duk abin da ya zo bakina. Ban san tsawon lokacin ba. Sai na ga yatsun ƙafarsa sun lanƙwashe. Ya yamutsa fuska, ya buɗe baki, da farko ba sauti, sannan ya tsala kuka. Na zame na zauna a ƙasa. Haka Maniru ya shigo ya same ni, rigarsa duk ƙurar albasa.

Ma'aikacin ya ce kada mu yi murna da wuri. Maganin yana daɗewa a jiki, sugan zai iya sake faɗuwa, sai an kwana ana auna shi. Ya kuwa sake faɗuwa kafin magariba, na sake ganin idon nan ya juye, aka sake tura ruwan. Daren ba zan ba ku labarinsa ba.

Da safe, Khalid na zaune a cinyata yana shan kunu yana ƙoƙarin cire abin da aka liƙa masa a ƙafa, ma'aikacin ya zo ya tsaya.

"Da ba ku zo da katin ga ba, da zazzaɓi zan hwara bi," ya ce. "Wa yag gane abin da yac ci?"

Maniru ya dube ni.

"Yayarshi," na ce.

"Shekararta nawa?"

"Biyar."

"Ku yi mata tukuici," ya ce, ya wuce gado na gaba.

Bayan azahar aka sallame mu. A hanya Maniru ya gaya mini ya yi waya da Inna. Wata huɗu tana shan maganin a ɓoye, tun wani zuwa Boɗinga da aka auna ta. Ta ji tsoron in ya sani zai ce ba ta da lafiyar riƙon yarinyar, a raba su. Ya ce in yi haƙuri kada in ce mata komai. Na ce ba ni da abin cewa. Har yau ban san ko a lokacin da take ɗaga kwalabe tunanin ƙullin nan ya zo mata ba, ban kuma tambaye ta ba.

Mun tarar da gida cike da masu barka. Aka karɓi Khalid ana ta juya shi hannu-hannu. Inna tana zaune a bakin ƙofarta, ta ƙara tsufa a kwana ɗaya. Na durƙusa na gaishe ta, ta kama hannuna ta riƙe. Sannan ta ce, "Tun jiya ba ta ci komi ba. Mi nin nuna mata, sai ta rumtse ido."

"An gaya mata ya tashi?"

Inna ta dube ni. Ta dubi matan da ke tsakar gida. Tun jiya da la'asar labari ya zo ta waya, an yi hamdala, an aika maƙwabta, an aika har Horo Birni. Ba wanda ya shiga ɗakin ya faɗa wa wadda ta ga an fita da shi kansa na lilo.

Na je na karɓe Khalid daga hannun Kande, na shiga ɗakin Inna. Yarinyar tana kwance ta gefe, fuskarta na kallon bango. Na juyo da ita, na jingina ta, na ajiye shi a kan tabarmar. Ya rarrafa ya hau cikinta ya kama kunnenta, yadda ya saba. Ta dube shi. Bakinta ya buɗe, kafaɗunta na rawa, na kasa gane dariya take ko kuka.

"Ya warke," na ce. "Likita ya ce ke kit taimake shi."

Ta bar kallonsa ta dawo da ido kaina. Akwai abin da ya kwana yana cina a asibiti, na so in bar shi, na kasa.

"Jiya da hantsi, da kika ta kira. Kin san Inna na wanka. Ni kika kira?"

Ta ɗaga ido sama.

Na so in samu ɗan abin da zan riƙe, ko yaya yake, sai na ce, "Jiya kaɗai kit taɓa kirana, ko?"

Na jira. Ta daɗe tana kallona. Sannan ta runtse idanunta gam.

Ina nan zaune a bakin tabarmar aka kira la'asar. Kande ta leƙo ta ce baƙi na jirana a waje, na ce su jira.